Kofin Zai Kwana a Yamai, Amma Ba Laifin Ƴan Kallon Ƙonni Ba Ne

Malam, na karanta hasashen da ka yi a kan kakar bana ta babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar, kuma a kan wanda zai ɗauki kofi ba ni da ja da kai. Ka ce kofin ba zai bar Yamai ba, zai ci gaba da yawo tsakanin ƴan gardi da sojoji da duwan da jandarmomi da ƴan Nigelec. Duk mai bin gasar nan ya san da wuya maganarka ta faɗi ƙasa. Inda muka raba hanya shi ne dalilin da ka kawo. Ka ce ƙungiyoyin jihohi, musamman na jiharmu ta Tawa, cikon lissafi kawai suke zuwa yi, wai don mutanenmu ba su da kishin ƙwallon gida. Ka kafa hujja da Birnin Ƙonni, inda ka ce gidajen kallo kan cika maƙil ranar da Real Madrid za ta haɗu da Barcelona, amma in aka tambayi matashi wa ya ci gasar ƙasa bara sai ya yi zuru. Ka rufe da cewa hamayyar da ta cancanci a zuba wa ido bana ita ce ta AS GNN ta ƴan gardi da AS FAN ta sojoji. Wannan hukunci ya yi mana nauyi, kuma bai tsaya a kan gaskiya ba.

Mu fara da tarihin da kai ma ka sani. Rabon da wata ƙungiya daga wajen Yamai ta ci gasar ƙasa tun 1984, shekarar da Espoir ta Damagaram ta ɗauka, bayan Jangorzo ta Maraɗi ta yi nata a 1983. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya. In rashin kishi ne ya hana jihohi kofi, to sai mu yarda cewa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Doso duk sun daina son ƙwallo rana ɗaya, suka kuma dawwama a haka har yau. Hankali ba zai ɗauki wannan ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma in kana son ganin abin da ya sa ya yi tsami, jerin zakaru kawai za ka duba. A 2010 AS FAN ta ci, 2011 AS GNN, 2013 AS Douanes, 2014 GNN kuma, 2015 Douanes, 2016 da 2017 FAN, 2018 da 2019 Sonidep, 2021 jandarmomin USGN, 2022 Nigelec, 2023 da 2024 GNN. A tsawon waɗannan shekaru sau ɗaya tak ƙungiyar da ba ta wata ma'aikatar gwamnati ba ta ɗaga kofin, wato Olympic a 2012. Ita kanta Sahel SC, wadda tarihinta ya cika da kofuna kuma magoya bayanta na cikin Yamai, bayan 2009 ba ta sake fitowa a wannan jeri ba.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da nake so ka tsaya a kansa. Sahel da Olympic ƙungiyoyin unguwa ne tun asali, daga tsofaffin Secteur 7 da Secteur 6 suka fito, kuma in ana maganar hamayya mai jini a jika a ƙwallon Nijar, tasu ce. Ba wanda zai ce magoya bayansu sun rasa kishi. Duk da haka ƙungiyoyin bariki da na kamfanonin gwamnati sun ture su gefe. Ashe ke nan abin da ke raba mai kofi da marar kofi a ƙasar nan shi ne wanda ke da baitulmali a bayansa. Ƙungiyar da ke da albashi na ƙarshen wata, da mota tata, da likita, da wurin kwana, da begen da take saka wa yaro cewa wata rana za a iya ɗaukarsa aiki ya sa kaki, ita za ta kwashe duk wani ɗan wasa mai ƙafa daga Difa har Tilaberi. Hasashenka daidai ne domin ka karanta takardar albashi daidai. Kuskuren shi ne ka ɗauki sakamakon albashi ka jingina shi ga zukatan mutanen Adar da Ƙonni.

Bari in gaya maka yadda yaro mai ƙwallo yake ƙarewa a yankinmu, domin daga Yamai ba a ganin wannan. A damina garuruwanmu cike suke da matasa. Ƴan makaranta suna hutu, ƴan ci-rani sun dawo noma, kuma a lokacin ne ake gasannin babban hutu na unguwanni da ƙauyuka. Je ka Tsarnawa ko Dogarawa ko Gidan Idar ko Badagishiri da la'asar a watan Agusta, za ka tarar da fili ba ciyawa ba katanga, jama'a sun yi masa zobe, masu kabu-kabu sun jera baburansu suna tsaye a kai don su hango, ƴan mata na saida ruwa da gyaɗa, ƴan kowace fada sun haɗa kuɗin riga da na ƙwallo daga aljihunsu. Ba mai biyan kowa. A nan ake ganin yaran da in sun samu mai riƙe su za su iya buga wa Mena, ƙungiyar ƙasa. Amma da an gama girbi sai hanya ta kira su. Jihar Tawa tun kaka da kakanni ta yi suna wajen ci-rani. Wannan ya nufi Abijan, wancan Legas, wani Libiya, wanda ya tsaya kuma yana cikin garkar albasa a Galmi ko fadamar Ƙonni daga asuba har faɗuwar rana. Babbar gasa kuwa mafi yawanta a rani ake yin ta, daidai lokacin da gari ya zama na tsofaffi da mata da yara. Yaron da ke ciyar da uwa da ƙanne ba zai zauna yana atisaye wata shida a kan alkawarin ɗan abin da za a ba shi in an ci wasa ba. Mutum biyu ne kawai ke tsira daga wannan: wanda gidansu ke da hali, da wanda wata ƙungiyar Yamai ta gani ta ɗauke. Na biyun shi za ka gani bana sanye da rigar gardi ko ta duwan, ka rubuta cewa Yamai ta fi iya ƙwallo.

Sai hanya. Daga Ƙonni zuwa Yamai kimanin kilomita 420 ne, daga Tawa kuwa ya kai 550. Tunda mafi yawan ƙungiyoyin babbar gasa a Yamai suke, ƙungiyar babban birni tana buga yawancin wasanninta na waje ba tare da ta bar gari ba. Ɗan wasa ya kwana a ɗakinsa, ya ci abincin gidansa, ya je fili. Ƙungiya irin JS Tahoua, ko Ader FC a zamaninta, kowane wasan waje tafiyar yini ce a mota, da kuɗin mai, da kuɗin masauki, da abincin mutum ashirin da wani abu, ta buga cikin zafin Afrilu ta sake kamo hanya. Wanda ya yi hasashe bai saka wannan a ma'auni ba, ya auna ƙungiyoyi biyu da mudu daban-daban. Ka duba Arlit ma. Ta fi mu nisa da Yamai nesa ba kusa ba, amma ta daɗe tana riƙe da ƙungiyoyi biyu, Akokana da Urana, a babbar gasa, don gari ne na ma'adinai inda ake da albashi. Ba wanda zai ce mutanen Arlit sun fi na Madawa ko Illela son ƙwallo.

Yanzu ga batun gidajen kallo, wanda shi ne ginshiƙin rubutunka. Gaskiya ne suna cika, kuma gaskiya ne akwai matasan da sun san sunan kowane ɗan wasan Madrid amma ba su san mai tsaron gidan GNN ba. Sai dai ka tambayi kanka wane ne aka kawo musu har ƙofar gida. Da ƴan kuɗi kaɗan, kowane mako, yaro a Malbaza yana ganin wasan Sifen da na Ingila a Canal+, da sharhi kafin wasa da bayansa, da maimaici a wayarsa. Wasan GNN da FAN kuwa a ina zai gan shi? Sau nawa waɗannan ƙungiyoyi suka taka fili a Ƙonni ko Illela? Zargin da ka yi mana tamkar na ɗan kasuwa ne da bai taɓa sauke hajarsa a kasuwar Badagishiri ba, ya koma gida yana cewa mutanen garin ba sa ciniki.

Kuma muna da shaida a kusa cewa gidan kallo ba ya kashe ƙwallon gida. Ƙonni na bakin iyaka, tsakaninmu da Illelar Najeriya taki kaɗan ne, Sakkwato ta fi mana Yamai kusa sau huɗu, labarin ƙwallon arewacin Najeriya kuwa muna jin sa kamar namu. Kano ta fi duk garuruwanmu yawan gidajen kallo da magoya bayan Arsenal da Chelsea, amma ranar da Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha sai gari ya ɗauka da “Sai Masu Gida”. Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, har Ahmed Musa ya dawo daga ƙetare ya sa rigarta. Ita ma da kuɗin gwamnati take tafiya, gwamnatin jihar Kano ce ke riƙe da ita. Bambancin shi ne sunan da ke kan rigar na gari ne, Bakano na kallon ta yana ganin kansa. Saboda haka ni ba na faɗa da kuɗin gwamnati a ƙwallo. A ƙasa irin tamu ba makawa sai da shi. Damuwata ita ce kusan duk kuɗin ya tattaru a gari ɗaya, a ƙarƙashin sunayen ma'aikatu, ba na garuruwa ba.

Wannan ya kawo ni ga hamayyar da ka zaɓa. Ba na raina GNN ko FAN. Sojojin nan su ne suka kai Nijar matakin rukuni na gasar Confederation ta Afirka a 2010, jandarmomi suka maimaita a kakar 2021 zuwa 2022 inda suka kara da Simba ta Tanzaniya da ASEC ta Abijan da Berkane ta Maroko. Sun fitar da mu kunya, kuma wasansu da juna kan yi zafi a cikin fili. Amma hamayya tana bukatar mutanen da za su kwana da ciwon an cinye su. In gardi suka doke sojoji, wane gari ne zai ƙi cin tuwon dare? Wace kasuwa ce za a wayi gari ana tsokanar juna? Mai shayi a tashar Tsarnawa ba shi da ɗan uwa a wannan rigima, kuma ba laifinsa ba ne.

In kana son ka ga ko mutanenmu sun iya hamayya ta gida, ka zo lokacin kokowar takobi. A Tawa aka fara wannan gasa a 1975, kuma tun daga nan take zagaya jihohi, kowace jiha da ƴan kokowarta goma. Matasan nan da ka ce zukatansu na Madrid, su ne dai za ka tarar sun yi cincirindo a gaban talabijin da rediyo in ɗan Tawa zai shiga da ɗan Maraɗi ko ɗan Doso. Kasuwa kan tsaya, mai kabu-kabu ya ajiye babur, tsofaffi su shiga ba da labarin Kadade da Kantu da Salma Ɗan Rani, yara su yi ta musu a kan wanda zai iya kai Issaka Issaka ƙasa. Ba wanda ya koya musu wannan kishi a makaranta. Abubuwa uku ne suka haife shi: ɗan kokowa na ɗauke da sunan jiharsa, gasar tana zuwa garinka in layi ya zo kanka, kuma ana nuna ta ga kowa har ƙauye. Ƙwallonmu ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun a wadace. Jama'a ɗaya ce, wasanni biyu, ɗaya an kawo musu ɗaya an bar shi a Yamai.

Akwai kuma darasin da Mena ta koya wa duk masu hasashe, wanda ya kamata ya sa mu riƙa taka-tsantsan da raina ƙaramar ƙungiya mai jama'a a bayanta. A neman gurbin gasar Afirka ta 2012 an haɗa mu da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere a 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu da ta gama karɓar baƙuncin gasar duniya, da Saliyo. Ba wanda ya saka Nijar a lissafi. Yaran Harouna Doula suka sha kashi a duka wasanninsu uku na waje, amma suka cinye duka ukun da aka yi a filin Seyni Kountché, har da Masar da ci ɗaya mai ban haushi daga ƙafar Moussa Maazou. Da maki tara ɗin nan na gida muka je gasar Afirka karo na farko a tarihi. Haka a CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, ƴan wasan cikin gida suka fitar da Ghana da ci biyu da nema suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ya nuna abu biyu: akwai ƙafa a ƙasar nan, kuma makamin marar kuɗi shi ne filinsa da mutanensa. Wannan makami shi ne garuruwanmu ba su samu damar riƙewa ba, sannan ake cewa ba su iya yaƙi ba.

Na san za ka ce hamayyar garuruwa tana da haɗari, kuma ban musa ba. Mun ga abin da ya faru a Kano a Afrilun 2022, lokacin da aka far wa motar Katsina United bayan wasa da Pillars, kuma a ƙarshen wannan kaka duka ƙungiyoyin biyu suka faɗa ƙaramar gasa. Ba na fatan ganin irin wannan tsakanin Ƙonni da Malbaza, mutanen da har zuwa 2011 gunduma ɗaya suke, suna auren juna, suna cin kasuwar juna. Amma maganin wannan shi ne katanga a fili, da jami'an tsaro, da alƙalin wasa da ba a saye, da hukunci mai tsanani ga wanda ya yi jifa. Kokowa tana tara dubban mutane daga jihohi takwas a fage ɗaya kowace shekara, da zafin kai da kirari da komai, kuma ana tashi lafiya, domin sarakunan kokowa da hukuma sun ɗauki abin da muhimmanci. Abin da aka iya a fagen kokowa za a iya shi a filin ƙwallo.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi wa ƙungiyar jiha hasashe in ana son yi mata adalci. Kafin a tambayi ko za ta ci kofi, a tambayi har zuwa wane wata take da kuɗin biyan ƴan wasa, mutum nawa daga cikin goma sha ɗayan farko za su kai watan Mayu ba su tafi ci-rani ko Yamai ba, da maki nawa za ta iya tarawa a gida. Ƙungiyar da ta riƙe filinta, ta hana manyan Yamai tafiya da maki uku a arha, ta tsira daga faɗuwa, ta yi kaka mai kyau ko da ta ƙare a ƙasan tebur. Rubutunka bai yi ko ɗaya daga waɗannan tambayoyi ba. Layi biyu ka ba jihohi gaba ɗaya, sauran shafin ka cika shi da sababbin ƴan wasan da bariki suka saya, ba ka ma faɗi garuruwan da aka ɗauko su ba.

Mu ma a nan da sauran aiki a gabanmu, kuma ba sai mun jira Yamai ba. Yankin nan ba matalauci ba ne kamar yadda ake zato. Malbaza tana da masana'antar siminti tun shekarun 1960. Albasar Galmi ta kai Abijan da Akara, sunanta ya zaga duniya. Ƙonni tana da ƴan kasuwar bakin iyaka da masu motocin sufuri, Illela tana da fadar Sarkin Adar da ƴaƴanta da ke kasuwanci a bakin teku, waɗanda ba sa ƙyashin aiko da kuɗi in an ce ginin masallaci ko makaranta ne a gida. Tsakanin Ƙonni da Malbaza bai kai tafiyar awa ɗaya ba, Illela da Madawa da Tawa duk ana zuwa a dawo a yini. Gasa ta gundumomi tsakanin waɗannan garuruwa ba ta bukatar kuɗin masauki, mota ɗaya da mai sun isa. Abin da ake bukata daga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, shi ne ta amince da gasar, ta ba da alƙalai da masu horarwa, ta taimaka a kewaye fili ko ɗaya a kowace gunduma, ta kuma kafa doka cewa ƙungiyar Yamai da ta ɗauki yaro daga Bazaga ko Tajaye sai ta biya wa ƙungiyar da ta raine shi wani abu. Gidajen rediyon garuruwanmu kuma su riƙa watsa wasannin kai tsaye da Hausa kamar yadda ake yi wa kokowa. Lokacinta ma a bayyane yake: a fara bayan an gama noman farko, a kammala kafin a ɗaure damman ƙarshe, lokacin da yaran ke gida kuma tashar mota ba ta fara kwasarsu ba.